Tambaya da Amsa: Manhajojin da ke karanta rubutun kiɗa na hannu

Tambaya: Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ni malamin makaranta ne a Jos, kuma ni nake koyar da ƙungiyar mawaƙa ta majami'armu. Shekara da shekaru ina rubuta waƙoƙinmu a takarda, murya huɗu, sannan in kwana ina kwafe wa kowa nasa. Na gwada yin aikin a kwamfuta, amma yawan danne-danne ya gajiyar da ni. Wani ɗalibina ya ce akwai manhajar da mutum zai yi rubutun kiɗa da alƙalami a kan kwamfutar hannu, ita kuma ta mayar da shi tsaf kamar an buga a maɗaba'a. Shin gaskiya ne? Wacce ya kamata in saya, kuma za ta karanta rubutun do-re-mi da muka saba da shi?

Amsa: Malam, muna amsa gaisuwa, Allah ya ƙara basira. Ɗalibinka ya faɗi gaskiya, irin waɗannan manhajoji suna nan, kuma sun haura shekara goma a kasuwa. Sai dai zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin a kanta sauran maganar ta rataya. Manhajojin da suka yi suna a wannan fanni an gina su ne a kan rubutun kiɗa mai layuka biyar, wanda tushensa ke komawa ga aikin Guido na garin Arezzo a Italiya cikin ƙarni na 11. Rubutun do-re-mi kuwa, wanda ake yi da haruffa da ɗigo da karan tsaye, tsari ne dabam da John Curwen ya yaɗa a Ingila cikin ƙarni na 19, ya kuma iso majami'un ƙasar nan ta hannun 'yan mishan. Idan ka rubuta d, r, m a kan allon, manhajar ba za ta ɗauke su a matsayin sauti ba. Saboda haka idan da haruffa kaɗai kake rubutu, matakin farko shi ne ka ƙware a layuka biyar ɗin, kuma ga mutum irinka da kunnensa ya riga ya san tazarar sautuka, wannan ba aiki ne mai tsawo ba.

Yadda suke aiki kuwa shi ne, manhajar ba hoton abin da ka zana kawai take kallo ba. Tana bin hannunka tun daga inda alƙalami ya sauka har inda ya tashi, tana lura da abin da ka fara zanawa da wanda ya biyo baya, sannan ta auna a kan wane layi ko a wane fili tsakanin layuka zagayayyen kan alamar sautin ya zauna. Daga nan sai ta lissafa ko tsawon sautukan da ka zuba a gaɓa ɗaya ya cika adadin bugun da ka ƙayyade tun farko. Wannan ne ya sa hannun da ke da tsari ɗaya ya fi samun biyan buƙata a kan hannu mai kyan gani amma mai sauye-sauye. Wanda yau ya fara da kan alama gobe kuma ya fara da sandarta zai sha gyara.

Wadda ta fi shahara ita ce StaffPad, wadda David William Hearn da Matthew Tesch suka fitar a 2015 don kwamfutocin Windows masu alƙalami, musamman Surface na kamfanin Microsoft. A 2020 ta fito a iPad, kuma a 2021 kamfanin Muse Group, mai manhajar rubutun kiɗa ta MuseScore, ya saye ta. Tsarinta yana da daɗi ga wanda ya saba da takarda: kana rubuta gaɓa guda, da zarar ka tsallaka zuwa ta gaba sai ta juya ta bayan zuwa bugun ɗab'i, idan kuma ta kasa gane wani abu sai ta bar shi yadda ka rubuta har ka koma ka gyara. Babban abin da ya ɗaga ta shi ne sautin da take maido maka, domin ana iya sayen muryoyin kayan kiɗa na gaske da kamfanoni irin su Spitfire Audio da Orchestral Tools suka naɗa. Amma wannan gata na masu tsara kiɗan fina-finai ne da manyan ƙungiyoyin makaɗa, kuma kowane rukuni da kuɗinsa dabam. Ita kanta manhajar, lokacin da ta fito a iPad, kuɗinta ya kusa dala 90, ba ta aiki a Android, kuma dole sai da alƙalami na musamman. Ga mai rubuta murya huɗu don waƙar Lahadi, ina ganin wannan kashe kuɗi ne da ya wuce buƙata.

Biyu ne suka fi dacewa da halinka. Ta farko ita ce Notion, wadda kamfanin PreSonus ya fara bayarwa kyauta a 2022, ana sauke ta a iPad da Android da Windows, sai dai sashen karanta rubutun hannu ana biyan kuɗinsa dabam. Amfaninta shi ne idan ta gaza gane hannunka kana da wata hanyar, wato ka taɓa hoton fiyano da ke ƙasan allo ka shigar da sautin. Ta biyu ita ce NotateMe ta kamfanin Neuratron, wadda ta fito a 2013 kuma tana aiki a Android da na'urorin Apple. A cikinta kana rubutu a wani fili, bugun ɗab'in yana bayyana a samansa nan take, har da yatsa ana iya yi. Tana da ƙaramin samfuri na kyauta mai suna NotateMe Now, wanda ke karɓar layin murya ɗaya kawai, kuma da shi nake ba ka shawarar ka fara. Ka ɗauki baiti guda na waƙar da ka haddace, ka rubuta muryar sama, ka ƙirga sau nawa ka koma gyara. Idan bayan mako guda gyaran yana raguwa, hannunka da manhajar za su shirya. Idan bai ragu ba, ka tsira da kuɗinka.

Kada sunan Sibelius da Dorico ya ruɗe ka. Dukansu sun fito a iPad a 2021, kuma manyan manhajojin rubutun kiɗa ne, amma ba karanta zanen hannu suke yi ba, taɓawa da zaɓe ake yi a cikinsu.

Maganar alƙalami ita ce inda mutane da yawa ke yin asara. Alƙalami mai kan roba da ake sayarwa da araha a shagunan waya, a wurin allo daidai yake da yatsa: bakinsa yana da kauri, kuma idan ka ɗora tafin hannunka a kan allo sai na'urar ta ɗauka rubutu kake yi. Tazarar da ke tsakanin layi da fili a rubutun kiɗa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma kuskuren da bai kai ƙwayar gero ba ya isa ya mayar da mi ya koma fa. Abin da ake buƙata shi ne alƙalamin da na'urar ta san shi ta kuma bambanta shi da fatar hannu, irin su Apple Pencil, ko Surface Pen, ko S Pen na Samsung. Na Samsung ɗin yakan zo tare da wasu kwamfutocin hannun a cikin kwali, kuma rubutu da shi ba ya buƙatar caji, abin da ke da muhimmanci ga wanda wutar lantarki ba ta zama a unguwarsa. Kafin ka sayi na'ura, musamman wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, ka tabbatar wane alƙalami take karɓa, domin ko a cikin iPad ba kowanne ke aiki da kowane Apple Pencil ba.

Ribar da za ka fi gani ba ta cikin saurin rubutun farko, don a nan takarda da fensir har yanzu ba su da na biyu. Tana cikin abin da ke biyo baya, wato daren da kake kwana kana kwafe. Ka rubuta waƙar sau ɗaya, manhajar ta cire wa kowace murya takardarta. Idan ranar gwaji ka ga waƙar ta yi wa mata sama da yawa, ka saukar da ita gaba ɗaya cikin daƙiƙa kaɗan ba tare da sake rubuta ko alama guda ba. Kana kuma iya fitar da sautin kowace murya ka tura wa mawaƙanka ta WhatsApp, su saurara su haddace, kuma wannan ya rage matsalar waɗanda do-re-mi kaɗai suka iya karantawa. Ina roƙonka abu ɗaya: duk waƙar da ka gama, ka adana kwafinta a tsarin MusicXML, wanda kusan dukkan manhajojin rubutun kiɗa ke buɗewa, har da MuseScore da ake samu kyauta a kwamfuta. A 2024 an daina sayar da Finale, manhajar da ta yi fiye da shekara 30 ana aiki da ita, kuma waɗanda suka adana aikinsu a tsarinta kaɗai sai da suka shiga wahalar kwashe shi.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Zariya, ina bincike a kan kiɗan gargajiya. Zan iya amfani da irin waɗannan manhajoji in rubuta kiɗan kalangu da goge?

Amsa: Malama, za ki iya, amma da sharaɗin ki san abin da zai zube a hanya. Layuka biyar da manhajojin da aka gina a kansu sun ɗauka cewa sautuka matakai ne tsayayyu, guda 12 kafin a dawo kan sautin farko a sama, kamar yadda suke a fiyano. Makaɗin kalangu kuwa yana matse tsarkiya a hammatarsa yana sassautawa, sautin yana hawa yana gangarowa yana bin karin harshen Hausa, shi ya sa mai saurare ke jin kirarin da ake yi masa ba tare da an buɗe baki ba. Haka mai goge, yatsunsa suna zamewa a kan tsirkiyar gashin doki ba tare da wani mataki da ya tsare su ba. Idan kika rubuta wannan a manhaja, za ta kai kowane sauti ga na fiyano mafi kusa, ta kuma daidaita bugun ya zama cif-cif, sai ki ji ta maido miki abin da ya yi kama da kiɗan amma babu maganar da ke cikinsa.

Inda za ta yi miki amfani sosai shi ne tsarin bugu: wace ganga ke riƙe da gindin kiɗa, ina amshi ke shigowa, da yadda bugu uku ke hawa kan biyu. Wannan ana rubuta shi a layi ɗaya na kayan bugawa, kuma idan kika saurari abin da manhajar ta maido kika ji ya saɓa da na makaɗin, kin gano kuskurenki tun kafin ya shiga kundi. Don zamewar sauti, ki yi amfani da alamar layi mai haɗa sautin farko da na ƙarshe, ki rubuta kalmomin kirarin a ƙarƙashi tare da alamun karin sauti na sama da na ƙasa da mai faɗuwa. Kowane shafi kuma ki haɗa shi da lambar sautin da kika naɗa da minti da daƙiƙar da ya dace da shi, bayan kin nemi izinin makaɗin, kin kuma rubuta sunansa da garinsu da ranar da kuka zauna.