Na haɗa garin ƙarfe da efoksi rabi da rabi, me ya sa maganadisun bai kai rabin na ƙarfe ba?

Tambaya: Salam Injiniya, ɗalibi ne ni ina furojet. Na cuɗa garin ƙarfe da efoksi (wani irin gam ne mai daskarewa ya yi tauri), rabi wannan rabi wancan a girma ba a nauyi ba, na ɗauka tunda miyu na ƙarfen ya kai kamar 1000 to zan samu 500, amma da muka auna a lab ko 10 bai kai ba. Na'urar ce ta lalace ko lissafina?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Na'urarku lafiyarta ƙalau, lissafin ne da gyara. Shi miyu, wato yadda abu ke barin layukan maganadisu su ratsa shi, ba a raba shi biyu kamar kuɗin cefane. Kowace ƙwayar ƙarfe a cikin samfurinka efoksi ya lulluɓe ta, shi kuma efoksi miyu ɗinsa kusan 1 ne daidai da iska, to layin maganadisu in ya fito daga wannan ƙwaya dole sai ya keta efoksi kafin ya isa ta gaba, kuma wannan ɗan gibin shi ke cinye komai.

Akwai lissafin da wani masani, Maxwell Garnett, ya fitar a 1904, shi fa a lokacin launin gilashin da ke da ƙwayoyin ƙarfe irin zinare ne ya dame shi, amma dabarar tana aiki a nan. In ƙwayoyin mulmulallu ne, ba sa taɓa juna, kuma miyu ɗinsu babba ne sosai, amsar takan dawo (1+2f)/(1−f), f shi ne kason ƙarfen. Saka 0.5 ka gani, 4 za ka samu. Saka 0.6, 5.5. Ka lura 1000 ɗin nan ma bai fito a lissafin ba, ko da ƙarfen 5000 ne kusan amsa ɗaya ce. To ka ga abin da kuka auna bai saɓa ba.

Wasu masana biyu, Hashin da Shtrikman, a 1962 sun nuna iyakar da irin wannan haɗin ba zai wuce ba matuƙar ko ta ina ka auna shi iri ɗaya ne. A naka, ƙasa kusan 4, sama kusan 400. Tazarar da yawa ko? Ai nan gizo ke saƙar. Na saman sai in ƙarfen ne ya haɗe jikinsa ya zama hanya ɗaya efoksi na maƙale a ciki, na ƙasan kuma shi ne halin da kake. Kaso ɗaya ne, tsarin zaman ne ya bambanta, kuma 500 ɗinka ma ya haura iyakar.

Ta fannin lantarki abin ya fi tsanani. Ka riƙa zuba baƙin garin kabon a roba, da farko shiru wuta ba ta wucewa, kana ƙarawa kana ƙarawa sai a wani ɗan kaso ƙwayoyin su sarƙe daga wannan gefe zuwa wancan, wuta ta fara bi ninkin ba ninkin. Lissafin Bruggeman na 1935 yana hango wannan tsallen a kashi 1 cikin 3 ga mulmulallun ƙwayoyi, amma a aikace sau da yawa yakan zo da wuri, dogayen zaruruwa irin nanotub na kabon kuwa ƙasa da kashi 1 cikin 100 ma yakan isa. Ni dai kusa da wurin tsallen nan ba na yarda da kowace fomula sai na auna.

Don furojet ɗinka, yi samfuri huɗu ko biyar da kaso daban-daban, ka zana abin da ka auna kusa da layin Maxwell Garnett da na Bruggeman. Ka yanka ɗaya ka duba a madubin likita ko ƙarfen ya kwanta a ƙasa kafin efoksin ya daskare, da kumfar iska, don su ma suna canza f. In sashenku na da COMSOL, manhajar kwamfuta ta kwaikwayon irin wannan gwaji, ka zana ƙwayoyin a ciki ka gwada. Kuma ka rubuta firikwensin da kuka yi awon a kai, wato sau nawa wutar ke jujjuyawa a daƙiƙa, sufabaizanka zai tambaya.