Amsar kawu a kan al'adar zaɓen gwanin fim

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso ni, kuma sai da na karanta shi sau biyu kafin na zauna ba ka amsa. Ka ce tun da ka shiga cikin masu sha'awar finafinai ka tarar al'adarsu ce a tambayi baƙo wane fim ya fi so, daga nan a ce ya jero guda goma, kuma da amsar da ya bayar ake auna shi. Ka ce shekara shida da suka wuce ka ambaci wani fim na faɗa a matsayin gwaninka, amma da ka sake kallonsa a bana sai ka ji kunya ta kama ka. Da ka faɗi haka, tsararrakinka suka ce ba ka da tsayayyen ra'ayi, manyan cikinsu kuma suka ce dama finafinan yanzu shirme ne, ka koma kan na da. Tambayarka ita ce daga ina wannan al'ada ta fito, kuma ko aibi ne mutum ya sauya gwaninsa.

Ba aibi ba ne. Waɗanda suka mayar da wannan jeri na goma al'ada mai tsari, su kansu sun ga cewa ra'ayi yana sauyawa. Akwai wata mujallar finafinai a Ingila mai suna Sight and Sound, wadda cibiyar finafinai ta Birtaniya ke bugawa. A shekarar 1952 ta aika wa masu sharhi tambaya guda, cewa kowa ya rubuto finafinai goma da yake ganin sun fi kowanne, sannan aka ƙirga ƙuri'u. Tun daga lokacin, duk bayan shekara goma sai ta sake yin tambayar nan. Ka tsaya ka yi tunani: da amsar farko ita ce ta har abada, me zai sa a riƙa komawa ana sake tambaya?

A 1952 fim ɗin da ya zo na ɗaya shi ne Bicycle Thieves, wato ɓarayin keke, wanda Vittorio De Sica ya yi a Italiya a 1948. Shekararsa huɗu kacal da fitowa a lokacin, don haka ko su mutanen da ake kira na da, sabon fim suka ɗora a kan gaba. Zuwa 1972 ya fice daga cikin goman farko gaba ɗaya. Wanda ya karɓe kujerar a 1962 shi ne Citizen Kane na Orson Welles, fim ɗin 1941, wanda da ya fito bai mayar da kuɗin da aka kashe masa ba, kuma a bikin Oscar kyauta ɗaya tak ya samu, ta rubutun labari. Shi ne ya zauna a saman jerin sau biyar a jere, daga 1962 har 2002, har mutane suka ɗauka an gama magana. Sai ga Vertigo na Alfred Hitchcock, wanda masu sharhi da yawa suka yi wa kallon hadarin kaji da ya fito a 1958, yana hawa tsani a hankali: na bakwai a 1982, na huɗu a 1992, na biyu a 2002, sannan ya ture Citizen Kane a 2012. Ba a ƙara wa fim ɗin ko minti ɗaya na sabon labari ba a tsawon waɗannan shekaru. Masu kallo ne suka sauya.

Abin da ya faru a 2022 ya fi duka tayar da ƙura. Fim ɗin da ya zo na ɗaya shi ne Jeanne Dielman, wanda Chantal Akerman 'yar ƙasar Beljiyam ta yi a 1975, kuma shi ne karo na farko da fim ɗin da mace ta ba da umarni ya hau wannan matsayi. Tsawonsa ya haura awa uku, kuma mafi yawansa kallon wata bazawara ake yi tana aikin gida, tana feraye dankali, tana wanke kwanuka, tana gyara gado, kwana uku a jere, har mai kallo ya fara gane cewa wani abu yana warwarewa a ranta daga 'yan kurakuran da ta fara yi a aikin da ta saba. A 2012 bai ma shiga talatin na farko ba. Wasu suka ce an yi son kai, wasu suka ce an yi gyara ne ga tsohon zalunci. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne yawan masu ƙuri'a ya tashi daga 846 a 2012 zuwa 1,639 a 2022, an kuma shigo da mutane daga ƙasashe da sassan sana'ar da a da ba a tambayarsu. Idan ka sauya waɗanda kake tambaya, dole amsa ta sauya. Ni dai na kalle shi, na ga gwanintar da ke ciki, kuma ba zan ɓoye maka ba, gyangyaɗi ya ɗauke ni a awa ta biyu.

A nan ne nake so ka raba abubuwa biyu da abokanka suka cakuɗa. Fim ɗin da ya fi inganci daban, fim ɗin da ka fi so daban. Na farko magana ce ta hujja: yadda aka tsara labari, yadda aka ɗauki hoto, yadda 'yan wasa suka shiga rigar waɗanda suke kwaikwayo, da abin da fim ɗin ya koya wa waɗanda suka zo bayansa. Wannan ana iya yin muhawara a kansa, wani ya kayar da wani. Na biyu kuwa labarin zuciyarka ne, da shekarunka ranar da ka kalla, da wanda ke zaune kusa da kai, da abin da ke damunka a makon nan. Babu mai kayar da kai a wannan, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mai hankali a cikin masu kallo yakan riƙe jeri biyu a kansa, kuma ba ya jin kunya idan ba su yi daidai ba.

Bari in ba ka misali da kaina, da fim ɗin keken nan. Labarinsa gajere ne: wani magidanci a birnin Roma bayan yaƙin duniya na biyu ya samu aikin liƙa takardun talla, aikin da ba ya yiwuwa sai da keke, matarsa ta kai zannuwan gadonsu jingina aka fanso keken, a ranar farko ta aiki aka sace shi, sai shi da ƙaramin ɗansa suka shiga gari nema. Na fara kallonsa ina saurayi, kuma abin da na fito da shi shi ne haushi. Na yi ta jiran a kama ɓarawon a yi masa dukan kawo wuƙa, ba a yi ba, na ce wannan wane irin fim ne da jaruminsa ba ya iya ƙwatar haƙƙinsa. Na sake kallonsa bayan na haifi yayyenka, a wata shekara da aiki ya kuɓuce mini na yi wata bakwai a gida. Da aka zo ƙarshe, inda uban ya rasa yadda zai yi ya kai hannu ga keken wani, jama'a suka rufar masa suna mari, hularsa ta faɗi ƙasa, yaron ya tsince ta yana kaɗe mata ƙura yana kuka, sannan suna tafiya cikin taro ya ɗaga hannu ya kama hannun ubansa, sai da na tashi na bar ɗakin. A kallon farko ban ma lura da hular ba. Tana nan tun 1948, ni ne ban kai shekarun ganinta ba.

Saboda haka kunyar da ka ji game da fim ɗinka na faɗa ba ta da wuri. Yaron da ya zaɓe shi bai yi ƙarya ba, abin da idonsa ke iya gani ke nan a lokacin, kuma wataƙila ba don fim ɗin nan ba da ba ka shiga sha'awar kallo ba sam. Ba a zagin tsanin da aka hau.

Akwai kuma wani dalilin sauyin ra'ayi da matasa ba sa kawowa a ransu, saboda kun taso komai yana cikin waya. Mutum ba ya son abin da bai gani ba. Citizen Kane bai isa Faransa ba sai 1946 saboda yaƙi, kuma masu sharhin can suna cikin waɗanda suka ɗaga darajarsa. It's a Wonderful Life na 1946 bai yi kasuwa sosai ba da ya fito, sai bayan haƙƙin mallakarsa ya faɗi a 1974 tashoshin talabijin na Amurka suka riƙa nuna shi kowace shekara, ya zama abin so ga miliyoyi. The Shawshank Redemption na 1994 bai cika gidajen sinima ba, kaset na haya da talabijin ne suka raya shi. Touki Bouki, wanda Djibril Diop Mambéty na Senegal ya yi a 1973, ya daɗe yana da wuyar samu, sai da aka gyara hotonsa a 2008 mutane da yawa suka gan shi, kuma ya shiga cikin ɗari na farko a jerin Sight and Sound na 2022. Ko Sholay na Indiya, da ya fito a watan Agusta na 1975, makonninsa na farko sun yi sanyi har masu sharhi suka yanke masa ƙauna, daga baya baki ya kai labari ga baki, ya shafe fiye da shekara biyar ana nuna shi a sinima guda a Bombay.

Maganar manyanku kuwa, cewa na da sun fi na yanzu, tana da rabin gaskiya, kuma ya kamata ka san inda rabin ya tsaya. Finafinan da suke kira na da ba su ne duk abin da aka yi a da ba. Su ne waɗanda zamani ya yi wa tankaɗe da rairaya suka rage. A kowace shekara ta wancan zamani an yi tarkace masu yawa, mun kalle su, mun manta da sunayensu. Wasu ma babu su a duniya: wani bincike da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan bebaye, wato waɗanda ba a magana a cikinsu, na ƙasar sun ɓace. Dattijo yana gwada zaɓaɓɓun shekara hamsin da duk abin da ya fito a bana, ka ga ai ba a yi adalci ba. Sannan ba fim kawai yake kewa ba, har da ƙuruciyarsa, ko da bai faɗa ba. Kukan nan kuma tsoho ne. Da magana ta shigo fim a 1927, Charlie Chaplin ya ƙi sakin salon bebaye, bai yi cikakken fim mai magana ba sai 1940. A 2019 shahararren mai ba da umarni Martin Scorsese ya kwatanta finafinan Marvel, na jarumai masu ƙarfin ban mamaki, da wuraren wasa da shaƙatawa, aka yi ta cece-kuce, alhali shi ma a ƙuruciyarsa akwai waɗanda suka ga finafinansa sun cika zubar da jini.

Rabin da suke da gaskiya a kai shi ne haƙuri. Na zauna da wasu daga cikinku kuna kallo, waya a hannu, da zarar 'yan wasa sun yi shiru na minti ɗaya sai a tsallake gaba. Fim da yawa a cikin shirun nan suke ajiye maganarsu. Wanda ya tsallake shi kuma ya ce fim ɗin ba daɗi, kamar wanda ya bar taro kafin a yi jawabi ne ya ce ba a ce komai ba. Don haka idan babba ya ce maka na da sun fi, kada ka yi masa gardama a gaban mutane, kuma kada ka gyaɗa kai don ladabi kawai. Ka ce ya zaɓo maka guda ɗaya, ya gaya maka wurin da ya taɓa shi a ciki, ka je ka kalla daga farko har ƙarshe, sannan ka dawo ku yi magana. Mafi yawansu za su ji daɗin an tambaye su, kuma za ka gane da wuri wanda ya kalla da wanda ya ji an ce.

Sauyin da nake ji maka tsoro guda ɗaya ne, wato ka saki gwaninka don ka ga manyan masu sharhi sun yamutsa fuska, ka ɗauki nasu don a ce kai ma ka waye. Wannan amshin shata ne, kuma yana da yawa a cikin masu jera goma, musamman tun da intanet ta sa kowa yana ganin jerin kowa. Gane shi ba wuya. Duk fim ɗin da ka sa a jerinka, in aka ce ka faɗi wuri ɗaya a cikinsa da ya tsaya maka a rai, ka faɗi abin da aka yi da yadda ka ji, ka kasa, to ba naka ba ne tukuna, aro ka yi.

Ni abin da nake yi tun da daɗewa shi ne, ina da wani littafi da nake rubuta gomana a ciki in sa kwanan wata, kuma ba na goge tsohon jeri idan na rubuta sabo. Na duba shi jiya saboda saƙonka. A jerin farko, bakwai daga cikin goma na faɗa ne da na ramuwar gayya, kuma guda biyu kacal suka tsira zuwa jerin ƙarshe, ɗaya daga cikinsu ma ba zan iya kare shi a gaban masu sharhi ba, ina dai son sa ne. Ka rubuta naka a wannan makon ka sa shekara, ka ajiye na shekara shida da suka wuce a shafin da ke gabansa. Idan ka samu fim ɗin keken ka kalla, ka rubuto mini wanda idonka ya fi bi, uban ko yaron. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.