Tambaya da Amsa: Hitar Hiace Tana Ba da Ɗumi, Tana Ɗaukewa

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, ina jan tsohuwar Toyota Hiace mai shan gazuwal tsakanin Damagaram da Tanut. Tun shigowar hunturun bana, idan na tashi da asuba na kunna hita, takan ba da ɗumi muddin ina gudu, amma da zarar na tsaya ɗaukar fasinja sai iskar ta koma sanyi ƙalau, wani lokacin har ina jin ruwa yana ɓulɓula a bayan dasbod. Allurar zafi ba ta hawa. Wani makaniki ya ce sai an sake fanka. Mene ne shawararka?

Direba daga unguwar Garin Malam, Damagaram

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam direba. Ka dakata da sayen fanka tukuna, domin tunda iska tana fitowa, fankar tana aikinta; zafin ne ba ya isowa gare ta.

Hitar mota ba ta da wutar kanta. A bayan dasbod akwai wani ɗan ƙaramin lagireto wanda ruwan inji mai zafi yake shiga ta tiyo ɗaya ya fita ta ɗayan, fanka kuma ta hura iska ta cikinsa. Idan ruwa ya ragu, ko iska ta maƙale a cikin tiyon, famfon ruwa ba ya iya tura shi har can lokacin da mota take silo, sai ka taka totur ya ƙara juyawa. Wannan shi ne ainihin abin da ka bayyana, ɓulɓular da kake ji kuwa iska ce take yawo a inda ya kamata ruwa ya cika.

Abin da ya fi damuna shi ne injin, ba sanyin fasinja kaɗai ba. Kada shirun allurar ya ruɗe ka, domin idan ruwa ya yi ƙasa sosai, na'urar da ke auna zafi takan zauna cikin iska maimakon ruwa, sai ta nuna lafiya alhali kan inji yana gasuwa. Gobe da safe, kafin ka tayar da mota, ka buɗe murfin lagireton ka leƙa da idonka, kada ka tsaya a kan robar ajiyar ruwa da ke gefe. Kada kuma ka taɓa buɗe shi inji yana da zafi, domin ruwan yakan feso ya ƙona fuska. In ya ragu, ka cika, ka faka motar gabanta a tudu, ka murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, ka bar injin yana aiki murfi a buɗe har kumfar iska ta daina fitowa.

Sai dai ruwa ba ya ɓacewa haka kawai. A duba bakin tiyoyi inda farin busasshen tabo yake taruwa, a duba ƙarƙashin famfon ruwa da robar murfin, ka kuma shafa kafet ɗin gaba. Danshi a wurin, tare da gilashi mai yawan yin hazo daga ciki, alama ce ta ɗan lagireton ya huje.

Idan ruwa a cike yake, bayan inji ya yi zafi ka taɓa tiyoyin hitar biyu a hankali. Ɗaya da zafi ɗaya da sanyi yana nufin toshewa ko bawul ɗin hita ya ƙi buɗewa. Toshewar kuwa yawanci daga ruwan rijiya ko na tafki take, wanda ke barin tsatsa da laka a cikin siraran hanyoyin. A wanke ɗan lagireton ta hanyar tura ruwa ta baya, sannan a koma ga ruwan sanyaya inji mai launi. In duka biyun suna da zafi amma iska da sanyi, igiyar da ke jan ƙofar iska ce ta saki. In duka ɗumi-ɗumi ne, ka tambaya ko an cire tamostat, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa babban lagireto sai inji ya yi zafi. Makanikanmu da yawa suna cire shi da sunan maganin zafin bazara, kuma ban yarda da wannan al'ada ba: a yawancin waɗannan injina yakan fara buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma in babu shi, iskar hunturu ta hanyar Tanut ba za ta bar injin ya kai zafin aikinsa ba, ga ƙarin shan mai.

Akwai alamar da ba ta jiran gobe. Idan kumfa ta ƙi ƙarewa a bakin lagireto, ko salansa tana fitar da farin hayaƙi bayan inji ya yi zafi, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to mai yiwuwa gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. A wannan hali kada ka yi lodi, ka kai ta gareji a gwada ta kafin ka sake hawa hanya.