Rigar bikin gama jami'a ta zo a yamutse, in sa mata dutsen guga?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗaliba ce a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maraɗi, ran Asabar mai zuwa za mu sa baƙar rigar nan ta gama karatu. Yayana ne ya aiko mani ita daga Yamai cikin leda, da na buɗe sai na tarar duk ta yi layi-layi na ninki, bayanta kuwa kamar an tauna. A wuyanta an rubuta poliyesta 100%. Gidanmu dutsen guga na gawayi gare mu, akwai na kuran, wato na lantarki, wajen maƙwabta. Innata ta ce a yayyafa mata ruwa a goge kamar shadda, ni kuma ina jin tsoro. Don Allah yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya sanya albarka a karatun, ya sa ki ci moriyarshi ke da iyayenki. Tsoron nan da kinka ji shi ne ya cece ki, don da kin bi ta da dutsen gawayin nan da yanzu wata tambayar kike yi mani, ta yadda za a ɓoye ƙuna.

Yau ɗin nan, kafin ma ki gama karanta amsata, tashi ki fidda rigar daga leda ki rataye ta. Ki samu hanga mai faɗin kafaɗa, in ta waya ce siririya ki naɗa mata tsumma ko tawul a kafaɗun don kar ta fito wa rigar da ƙahoni, ki rufe zip ɗin gaba har sama, ki rataye ta a ƙusa mai tsayi ko saman ƙofa inda gindinta ba ya taɓa ƙasa kuma ba ta manne da bango. Rigar nan doguwa ce, nauyinta da kanshi yana ja mata jiki, kwana biyu ko uku a rataye za ki ga ƙananan yamutsin sun tafi da kansu, sai manyan layukan ninki su rage. Kina da kwanaki a gabanki, wannan shi ne babban abin da ke hannunki. Masu zuwa mani shago da daren jajibiri su ne ke shan wahala.

Innarki ba ta yi kuskure ba a kan abin da ta sani. Shadda auduga ce, auduga tana shan ruwa, in ta sha sai zaren ya saki, ƙarfe mai zafi ya bi ta kai ya shimfiɗe shi, kuma tana jure zafi har digiri 200. Poliyesta kuwa roba ce. Ba zagi ba ne, asalinta kenan, danginsu ɗaya da robar kwalbar ruwan da kike sha, an narka an ja ta ta zama zare. A Ingila anka fara yin ta a 1941, kuma yadin nan da iyayenmu ke kira targal, wanda ake ɗinka wando da kayan lakkol da shi, ita ce ɗin dai da sunan da Faransawa sunka sa mata. Ruwan da take sha bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyinta ba, shi ya sa in kin yayyafa mata ruwa sai ki ga ya tsaya a kai yana gangarowa. Abin da ke lanƙwasa ta zafi ne. Tun wajen digiri 70 zuwa 80 zaren ke fara laushi, in ya huce kuma sai ya daskare a yadda ya samu kanshi. Narkewa gaba ɗaya sai wajen digiri 250, amma tun kafin a kai can ta riga ta yi ƙyalli, ta takure, ta lalace.

To kin ga abin da ya faru da taki. An ninke ta, an danne ta da kaya cikin motar da ta taso daga Yamai, tafiyar kilomita sama da 600 cikin zafin nan namu, ta ɗumama a ninke ta huce a ninke. Maganin shi ne ki juya lamarin, ta ɗumama a miƙe ta huce a miƙe. Ki riƙe maganar hucewar nan da kyau don a nan mutane da yawa ke ɓata aikinsu, sai su gama gyara su ɗauke rigar da ɗuminta su jefa kan katifa, layi ya sake fitowa su ce yadin ne ba ya jin guga.

Hanyar da na fi so ita ce tururi. Ruwa in ya tafasa digiri 100 yake, ya isa ya sassauta zaren, bai isa ya narka shi ba. Turawa suna cewa a rataye a banɗaki a saki ruwan zafi na shawa, mu nan gida nawa ne ke da wannan? Ki tafasa ruwa cikin babbar tukunya, ki juye a bokiti ko ki kai tukunyar kanta ƙaramin ɗaki, ki rataye rigar a sama da ita yadda gindin ba zai taɓa ruwan ba, ki rufe ƙofa da taga kamar minti 20. Daga nan ki shiga, ki kama gefen rigar na ƙasa ki riƙa jan ta a hankali, ki shafa layukan da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa. In wani layi ya ƙi, sai ki ɗora butar shayi a wuta, tana tafasa tururi na fita ta bakin, ki riƙe wurin layin ta baibai kamar taƙi ɗaya daga bakin butar, kina motsa shi, kina ɗan miƙe yadin da hannu biyu. Amma don Allah ki kula, ƙunar tururi mugunta gare ta, kar yatsunki su shiga gaban bakin butar, kar kuma rigar ta kusanci garwashi ko harshen gas, ƙanwarki ta riƙe maki sauran rigar can nesa, kuma yara ƙanana su fita daga wurin. Kar ki taɓa yin wannan rigar tana jikinki.

Akwai wata hanyar mai sauƙi in babu karammiski a jikin rigar kuma tambarin wuyan bai hana wanki ba. Ki tsoma ta cikin baho na ruwa mai ɗan ɗumi, ki ɗago ta haka nan, ba matsewa ba murɗawa, ki sa a hanga ki rataye a inuwa ruwan ya tsiyaye da kanshi. Nauyin ruwan ke jan ta ta miƙe, kuma da iskar Maraɗi ba ta daɗewa ta bushe. A inuwa na ce, ban da tsakar rana, kuma in ana hazo ko iska mai ƙura ki yi a cikin ɗaki, baƙin yadi jiƙaƙƙe ba abin da yake kwasa kamar ƙura. Ki fara gwada gefe ɗaya cikin ruwa ki gani ko launi na zuba, musamman in an yi mata ado da ja ko kore a gaba.

Yanzu maganar guga. In kin yi waɗannan duka wani layi ya tsaya, galibi wanda ya ratsa tsakiyar baya ko hannu, to sai a je ga dutse, amma na kuran ɗin maƙwabta, kuma da sharaɗi. Ki duba tambarin wuyan rigar, akwai ɗan zanen dutsen guga. In da ɗigo 1 a cikinshi, zafi kaɗan ne wajen digiri 110, ɗigo 2 digiri 150, ɗigo 3 digiri 200 na auduga. In an soke zanen da giciye to ba a goge ta sam, ki tsaya a tururi. Ke dai ki juya maɓallin dutsen zuwa ɗigo 1 ko da an ce 2, in bai yi ba kya ƙara kaɗan. In an gama goge shadda da shi yanzu, ki cire shi ki bari ya huce tukuna, don juya maɓalli ba ya sanyaya ƙarfe nan take.

Ki juya rigar baibai. Ki shimfiɗa bargo a tebur ki ɗora farin zane a kai, kar ki goge a kan tabarmar roba, zanen tabarmar zai fito a jikin rigar. Ki samu farin ƙyalle na auduga, tsohon zanen gado ko rigar matashi, ki jiƙa shi ki matse sosai, ki shimfiɗa kan layin, dutsen ya sauka a kan ƙyallen kawai. Ki fara gwadawa a cikin kalmasar ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Ɗora, ƙirga ɗaya biyu uku, ɗaga, matsa gaba. Ba a dannawa da ƙarfi kuma ba a ja da baya ana gurzawa irin na shadda. Da kin ɗaga dutsen ki bar wurin a shimfiɗe, ki aza tafin hannu kan ƙyallen har ki ji ya yi sanyi sannan ki ja rigar. Tattarar nan ta kafaɗa da baya da ke ba rigar cika, kar ki murƙushe ta, ki tsaya ƙasa da ita. Kan ɗinki da zip ma ki bi a hankali don nan ne ƙyalli ke fara fitowa.

Dutsen gawayi kam ina roƙonki ki bar shi. Na san akwai tsofaffin masu guga da hannunsu ya san zafi, su kusanta shi da kunci su gaya maki ko ya yi, amma ba ya da maɓalli, yanzu ya huce an jima iska ta hura garwashin ya haye. Ga tartsatsi. Ina yaron shago, maigidana ya ba ni wani baƙin wandon targal na wani malamin lakkol in goge, na kula da zafin ƙarfen iyakar iyawata, ina kaɗa dutsen sai wani ɗan tartsatsi da bai kai ƙwayar gero ba ya fito ta ramin gefe ya sauka a cinyar wandon. Ban ma ga hayaƙi ba. Rami kawai na gani, zagayayye, bakinshi ya yi tauri kamar an ɗiga kyandir. A auduga da sai dai ɗan tabo, a nan yadin ya tafi, ba abin da allura za ta kama. Mutumin wando biyu gare shi duka duniya, kuma yadda ya tsaya yana kallon ramin nan bai ce komai ba har yau yana raina. Tun daga ranar ban sake kusantar da gawayi ga yadin roba ba. In kuran ya ɗauke ki jira shi, ko ki koma ga tukunyarki.

Kada a sa mata sitati ko ƙaro, ba ta sha, sai dai ya bushe a sama ya yi fari-fari a kan baƙi. Kada kuma a kai ta wajen masu bugu. In ma za ki ba mai guga na unguwa, ki faɗa mashi da bakinki roba ce, ki tsaya ki ga ya shimfiɗa ƙyalle, don in ta shiga cikin tulin manyan riguna yaron shago zai bi ta da zafin da ya bi sauran.

In tsautsayi ya sa ƙyalli ya fito, ki duba da yatsa. In wurin na da laushi, zaren ne kawai ya kwanta, ki ba shi tururi ki shafa da buroshi mai taushi, sau da yawa yana raguwa. In ya yi tauri yana ƙaras-ƙaras to ya narke, babu mai maido shi, sai dai tela ya duba ko zai iya shigar da wurin cikin tattara.

Hular kuma daban take. Mai kusurwa huɗun nan kwali ne a cikinta, ruwa ko tururi na lanƙwasa shi, ki goge ƙurarta da busasshen ƙyalle ki aje ta a shimfiɗe. Tuntun kuwa ki rataye shi ya sauko, in zaren ya cukurkuɗe ki nuna ma tururi kaɗan ki taje da yatsu. In akwai karammiski a gaban rigar ko hannu, dutse ba ya hawa kanshi ko da ƙyalle, tururi ta baibai kawai. Farin ƙyallen wuya in auduga ne a goge shi shi kaɗai.

Ki gama duk aikin nan ran Alhamis, Juma'a ta wuni a rataye, ki lulluɓa mata tsohon zane mai tsabta saboda ƙura. Lokacin bushewar iska yadin nan na manne wa jiki yana tas-tas, in kin ga haka ki shafa ɗan mai a hannu ki bari ya shiga fata sosai, sannan ki shafa kayanki na ciki, kuma na cikin su zama na auduga don rigar ba ta shan gumi, zafi za ki ji. Turare ki fesa a jikinki, na mai yana barin tabo a kanta, kuma kar a turara ta kan kasko.

Ran Asabar kar ki sa ta tun daga gida, musamman in kabu-kabu za ki hau, zama a kanta zai maido yamutsin kuma gindinta na iya shiga taya, wannan ya fi yamutsi hatsari. Ki bar ta a hangarta, ki ɗora a hannu ninki ɗaya sako-sako, ko ki shiga adaidaita wani ya riƙe maki, sai kin isa harabar jami'a ki zura. In za ki zauna ki ɗan ja bayanta da hannu biyu ki shimfiɗe kafin ki zauna, don hotunan da yawa bayan an tashi ake ɗaukar su. Ki gaishe mani da Inna.