Tambaya da Amsa: Masai, Rijiya da Kududdufi, Ina Ruwan Doka da Lafiyar Unguwa?

Wasiƙun wannan makon sun karkata ga tsaftar unguwa, don haka muka miƙa su ga jami'in duba-gari da masanin tsara birane da lauya, suka haɗu suka amsa.

Wani magidanci daga Kurna, Kano: Maƙwabcina ya fara haƙa sokawe a jikin katangar da ta raba mu, rijiyata kuma tana bayan katangar, bai fi taku shida ba. Na yi masa magana, ya ce fulotinsa ne. Yana da gaskiya?

Malam, fulotin nasa ne, amma ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba. Ƙa'idar da masu aikin ruwa da tsafta suke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai ko sokawe da rijiya, gindin ramin kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa a tsakiyar damina. Ramin ya kasance a gangaren rijiya, kada ya zama a samanta. Hikimar tazarar ita ce ƙasa tana tace ƙazanta: kafin ruwan masai ya ratsa wannan nisan, yawancin ƙwayoyin kwalara da taifot sun maƙale ko sun mutu. Laka ta fi iya wannan aiki, rairayi yana sakin ruwa da sauri, dutse mai tsaga kuwa ba ya tace komai, ruwan bin tsagar yake yi kai tsaye. Taku shida bai kai mita biyar ba. A watan Agusta, lokacin da ruwan ƙasa ya taso, rijiyarka da sokawensa kusan tukunya ɗaya ce.

Sai dai akwai abin da ya fi ƙarfinku ku biyu. Fuloti mai ƙafa 50 da 50 mita 15 ne kowane ɓangare, mai ƙafa 50 da 100 kuma mita 15 da 30. Ka ga ko da maƙwabcinka waliyyi ne, da wuya mita 30 ta samu a cikin fulotinsa. An yi kuskuren tun ranar da aka yanka filin, musamman a unguwannin awon igiya, inda ba a ware wa ruwan sha ko kwata ko taƙi ɗaya ba. Da mai tsara gari ne ya zana, zai jera masai na gidajen da suka juya wa juna baya a layi guda, ya ware rijiyar burtsatse ta unguwa a wuri mai tudu nesa da su.

Abin yi yanzu shi ne ka fara da mai unguwa, ka nemi a matsar da ramin zuwa kusurwar da ta fi nisa da rijiyarka da ta sauran maƙwabta. In wuri ya ƙi, a gina tankin da bulo ciko, a shafe shi da siminti ciki har ƙasa yadda ba zai yoyo ba, a riƙa kiran masu kwasa in ya cika. In ya ƙi sulhu, ka rubuta ƙorafi zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ka riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora kula da bayan gida na jama'a da kwashe ƙazanta da shara a kan ƙananan hukumomi. Duba-gari zai zo ya auna, ya ba shi takardar gargaɗi mai wa'adi, in wa'adin ya cika bai gyara ba a kai shi gaban majistare ko kotun tafi-da-gidanka. Tarar ta bambanta daga jiha zuwa jiha. A shari'ar Musulunci ma ƙa'idar "ba cuta, ba cutarwa" tana bayanka. Ka gaggauta kafin ya zuba dakali a kan ramin, don hana haƙa ya fi sauƙi a kan sa mutum ya rushe abin da ya kashe wa kuɗi.

Kai ma akwai naka. Ka ɗaure mita uku na saman rijiyar da siminti ba tare da kafa ba, ka ɗaga bakinta ya kai kusan ƙugu, ka yi daɓe mai gangara na aƙalla mita ɗaya kewaye da ita, da 'yar hanyar da za ta janye ruwan da ya zube. Murfi, da guga ɗaya tak da ake ratayewa ba a ajiye ta a ƙasa. Rijiyoyi da yawa ta baki suke gurɓata, ba ta gindi ba. In ka kai ruwan ɗakin gwaji, abin da ake nema shi ne kada a samu ƙwayar cutar bayan gida ko ɗaya a cikin mililita 100. Kafin sakamako ya fito, a tafasa na sha.

Wata malama daga cikin birnin Zariya: Ana ta cike kududdufin unguwarmu da shara ana yanka shaguna. Wasu na murna wai sauro zai ragu. Haka ne?

Malama, bari mu yi lissafi. Ruwan sama na milimita 50, irin wanda kan sauka a dare ɗaya a tsakiyar damina, lita 50 ne a kan kowace murabba'in mita. Fuloti ɗaya mai mita 15 da 30 yana karɓar lita 22,500, wato jarka 900 mai lita 25. Ki ninka da yawan gidajen unguwarku, ki tuna yawancinsu yanzu rufin kwano ne da tsakar gida mai siminti, ƙasa ba ta shan komai. Kududdufan tsofaffin birane irin Zariya da Kano da Katsina ramuka ne da aka ɗebi ƙasar gini, suka zama ma'ajiyar wannan ruwa. In aka cike, ruwan ba ya fasa zuwa. Gida mafi kwari zai nufa, ya cika masai ya tumbatsa, ya kwashi abin da ke ciki ya zuba a rijiyoyi. Ta wannan hanya ambaliya take haifar da amai da gudawa. A 2021 Najeriya ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, sama da 3,600 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Batun sauro kuma, akwai rabin gaskiya a ciki. Sauron da ke cika kwata mai wari da ruwa mai ƙazanta shi ne mai hana barci, amma mai ɗauke da zazzaɓin cizon sauro ya fi son ƙananan ruwaye masu ɗan tsabta da rana ke dukansu: sawun taya, ramin masu buga bulo, ruwan da ya kwanta a fili. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne a lokacin zafi. Kududdufin da aka cike rabi da rabi yakan tarwatse ya zama ɗaruruwan irin waɗannan ƙananan ruwaye, sai a gudu ba a tsira ba.

Gyaran da ya dace a takarda yake farawa. A auna kududdufin, a kafa masa duwatsun iyaka, a shigar da shi taswirar gari a matsayin filin jama'a da ba a ba kowa takardarsa. Sannan a yi masa mafita zuwa babbar kwata, a hana zuba shara, a yashe shi da rani, a kewaye shi saboda yara. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, Kotun Ƙoli kuma ta yanke a 2003 cewa tsara birane hurumin jihohi ne, don haka hukumar tsara birane ta jiharku za ku rubuta wa. Ku tambaye ta a rubuce ko shagunan suna da izinin gini. Takardar da mutum hamsin suka sa wa hannu, da hotunan wurin kafin cikewa da bayanta, ta fi ƙorafin mutum ɗaya nauyi.

Wani ɗalibi daga Sakkwato: Na ji ana cewa lauya ma ma'aikacin lafiya ne. Ba zuzutawa ba ce?

Ɗan'uwa, dubi Landan. A 1854 likita John Snow ya bi gidajen da kwalara ta yi kisa a unguwar Soho, ya gano famfo ɗaya suke sha, ya shawo kan hukumar unguwar aka cire hannun famfon. Mutum sama da 600 suka mutu a wannan ɓarkewar. Amma birnin bai rabu da cutar ba sai da majalisa ta yi doka a 1858 ta ba da damar samo kuɗi, injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanan da suka kawar da ƙazanta daga tsakiyar gari. Annobar 1866 ce ta ƙarshe a can. Likita ya gano, doka ta tilasta, magini ya gina.

A gida, tilasta sa sinadarin aidin a gishiri tun farkon shekarun 1990 ya rage maƙoƙo ba tare da kowa ya je asibiti ba. Dokar taba ta 2015 kuma ta nuna inda ake tuntuɓe: ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da kara ɗaya-ɗaya, amma ƙa'idojin aiwatar da ita sai 2019 suka fito, kuma har gobe mai tebur yana sayar da kara ɗaya. Lauyan da ya san aikinsa yana duba abu huɗu a daftarin doka: wane jami'i ne zai aiwatar, daga ina kuɗin aikin zai fito, wace kotu ce za ta saurari ƙara, da yadda za a riƙa sabunta tara kada hauhawar farashi ta mai da ita kuɗin shayi.

Wata uwargida daga Gusau: Daga 'yan garuwa muke sayen ruwa. Bai kamata a hana su ba lokacin kwalara?

Hajiya, in aka hana su, unguwar da famfo ba ya zuwa za ta koma rijiyoyin da suka fi haɗari. Abin da ya fi shi ne ƙaramar hukuma ta yi musu rajista, ta san wuraren da suke ɗiba, ta ajiye mai zuba kulorin a bakin kowace rijiyar burtsatse. Ana jiƙa giram 15 na garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin lita ɗaya ta ruwa, daga wannan ake ɗiba da sirinji a sa wa kowace jarka. Yawan da za a sa gwaji ne ke nunawa: bayan minti 30 a samu saura rabin miligiram na kulorin a kowace lita ta ruwan jarkar. Inda ake yawan kuskure shi ne ruwa mai gurɓi, wanda ke cinye maganin kafin ya yi aiki, sai an sa alif ya kwanta an tace tukuna. Sai kuma jarkar da gansakuka ta kama cikinta, da tsumman da ake toshe bakinta da shi maimakon murfi. A gida, ki zuba na sha a mazubi mai ƙaramin baki, a riƙa tsiyayawa, kada a tsoma moɗa.