Takobin nan tsoho ne ko sabuwar ƙira?

Malam, tambayarka ita ce ko takobin da aka tallata maka a garin Tawa na Nijar, mai tambarin jinjirin wata biyu, tsoho ne. Tambarin kaɗai bai isa shaida ba, domin maƙeran Abzin sun daɗe suna kwaikwayonsa daga takubban Turai. Ruwan takobin za ka duba. Tsohuwar tsatsa baƙa ce, ta ci ƙarfen nan da can. Wadda aka haɗa da ruwan gishiri ja ce, ko'ina daidai, har tana bin yatsa.

Sai ka dubi mariƙi: in akwai noti ko walda, aikin zamani ne. Amma sabon kube kada ya ruɗe ka, fata takan mutu a sake ta, ruwan yana nan tun na kakanni.