Amsa kan alwatika mai faffaɗar kusurwa

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ɗanka da ke sakandare a Agege ya kasa samun tsayin alwatikar da aka ba shi, mai gefuna santimita 4 da 13 da 15. Wannan alwatika tana da kusurwa ɗaya da ta haura digiri 90, domin 15 sau 15 ya ba da 225, wanda ya zarce 16 (4 sau 4) da 169 (13 sau 13) a haɗe, wato 185.

A ganina kuskuren yaron shi ne neman tsayin a cikin siffar. Idan aka ɗauki gefen 4 a matsayin gindi, layin da ya sauko tsaye daga ƙololuwa yana faɗawa ne a waje, don haka sai an tsawaita gindin da santimita 5 kafin su haɗu, kuma tsayin zai zama 12. Faɗin filin shi ne rabin gindi sau tsayi, wato 24, amma kada ya ƙara 5 ɗin nan a kan gindin, nan ne ɗalibai da yawa ke zamewa.

Sai ya tabbatar da amsar ta hanyar dabarar Heron, wadda ke fitar da faɗin fili daga tsawon gefuna uku: rabin kewaye 16 ne, idan aka cire kowane gefe daga 16 za a samu 12 da 3 da 1, kuma 16 sau 12 sau 3 sau 1 ya ba da 576, wanda shi ne 24 sau 24.